Daga Kan Tabarmar Zubi: Taki yana numfashi, kada mu kulle shi a ɗaki

Ina gaida ƙungiyoyinmu na Tasawa da Mayahi, da na Maijirgi, Urafan, Korgom, Kanambakashe da Sarkin Hausa, da duk inda ake zama a karanta wannan takarda ga waɗanda ba su fara karatu ba tukuna. Ke mai karanta musu, don Allah yau ki ɗaga murya, ki bi sannu-sannu, domin maganar ta shafi rai.

Makonni biyu da suka wuce, saura ƙiris ƙungiyarmu ta watsar da aikin taki. Bari in ba ku labarin tun daga tushe, don da hannuna a cikin kuskuren.

Kun san yadda takin zamani ya yi tsada tun 2022, ya kuma ƙara wuyar samu bayan rufe iyakoki a 2023. Kun kuma san ƙasarmu ta jigawa: in ba ki ba ta ba, ba ta ba ki. Shi ya sa da aka gama yankan hatsi bana muka yanke shawarar haɗa taki na ƙungiya, mu zuba a gonarmu, in ya ragu mu sayar ma masu lambu. Muka ciri kuɗi cikin asusu muka yi hayar amalanke. Muka tara kara da ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa da kashin awaki da toka. Sai matsala ta taso: kaji na tona tsibin, awaki na hawa, iskar hunturu na busar da shi, ruwa kuwa da kai muke ɗauko shi. Sai wata cikinmu ta ce akwai tsohon ɗakin ƙasa bayan gidanta, ba mai kwana ciki, tagarsa guda an toshe ta tuntuni, ƙofar kuma tana kulluwa. Ni shugaba, da bakina na ce: "Madalla, ai dubara ta samu." Muka jibge kayan ciki, muka jiƙa, muka ja ƙofa muka sa kwaɗo.

Da lokacin juyawa ya yi, ma'ajiyarmu ta yi sammako ta shiga da cebur ita kaɗai. Ta tura ƙofa don kada kaji su biyo ta. Ta ce ɗakin da ɗumi kamar an hura wuta, har ta ji daɗi saboda sanyin safiya. Tana cikin aiki sai kai ya fara sara mata. Ta ce wataƙila don ba ta karya ba ne, ta ci gaba. Sai jiri, sai tashin zuciya, ƙafafu suka ƙi ɗaukarta. Da ƙyar ta kai bakin ƙofa ta zube. Allah ya sa ɗiyarta ta zo kiranta, ta jawo ta waje tana ihu. Muka kai ta likita, aka gwada jini, babu masassarar cizon sauro, jikinta kuma ba zafi. Kafin la'asar ta dawo hayyacinta, sai ciwon kai da ya bi ta har washegari.

Ranar zubi tabarma ta yi zafi. Babbarmu a shekaru, wadda duk muke ce ma Inna, ta ce: "Ƴaƴana, ɗakin da aka daɗe ba a kwana ciki ba, da masu shi. Iskoki ne suka buge ta." Wasu suka ce a bar takin nan ya ruɓe inda yake, kuɗin amalanke mun yafe. Wata ta ce mijinta ya hana ta ƙara taɓa shi. Na ce su ba ni mako guda, matambayi ba ya ɓata. Na je wurin malamin gona, na je wurin majo a likita, na kuma sa ɗana da ke jami'a a Maradi ya binciko mini a waya. Da na dawo na durƙusa gaban Inna na ce: "Inna, kin faɗi gaskiya, iska ce ta buge ta. Amma ba irin wadda ake yi ma turare ba ce. Daga cikin takin ta fito, mu ne kuma muka kulle ta."

Ga abin da na fahimta.

Tsibin taki abu ne mai rai. Cikinsa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke cin kara da kashin dabbobi suna mayar da su baƙar ƙasa mai laushi. Suna shaƙar iska kamar yadda muke shaƙa, suna fitar da wata. Aikinsu ne ke kawo zafin nan da kike ji in kin cusa sanda cikin tsibi kin zaro ta. Tsakiyar tsibin da ya haɗu da kyau tana kai zafin digiri 55 zuwa 65, wani lokaci ta wuce. Zafin abu ne mai kyau, shi ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta da ke cikin kashi. Amma tare da zafin akwai numfashin da tsibin ke fitarwa. Mafi yawansa tururin ruwa ne da irin iskar da mu ma muke fitarwa daga huhu. Akwai mai warin fitsari da ke sa ido ruwa. Akwai kuma wata kaɗan, wadda likitocinmu ke kira monoksid da karbon, a rediyon Najeriya kuma za ku ji ana cewa kabon monoksaid. Ni dai zan kira ta iskar garwashi, don nan muka fi saninta.

Iskar garwashi ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ba ta sa tari. Hayaƙin icce yana gargaɗinki, ido ya yi yaji ki tashi ki fita. Ita wannan ba ta sallama. Kuma nauyinta kusan ɗaya ne da iskar da muke shaƙa, saboda haka tana gauraye ɗakin ne gaba ɗaya, ko kina tsaye ko kina kwance za ta same ki.

Majo ya kwatanta mini yadda take aiki. Jininmu kamar amalanke ne da ke ɗauko iska mai kyau, wato oksijan, daga huhu ya kai ma ƙwaƙwalwa da zuciya da sauran jiki. In iskar garwashi ta shiga huhu, ita ke riga hawa amalanken, kuma riƙon da take yi ma jini ya fi na oksijan ƙarfi sama da sau 200. Sai jini ya yi ta zagayawa, amma ba abin da yake kai ma jiki. Mutum yana numfashi, amma kamar an shaƙe shi. Shi ya sa kai ke fara ciwo, sai jiri, sai amai, sai kasala da ruɗewa, sai suma. Kuma ba ta saurin sakin jini. A iskar waje, sai an yi awa huɗu zuwa biyar kafin rabinta ya fita. In an sa ma mutum oksijan a likita, lokacin yana raguwa zuwa awa ɗaya da ɗan abu. Mai ciki ta fi kowa haɗari, don jinin ɗan da ke cikinta ya fi nata riƙe wannan iska. Sai jarirai, da tsofaffi, da masu ciwon zuciya, da masu ƙarancin jini, mu kuwa mun san yawan mata masu ƙarancin jini a garuruwanmu.

Da na ji wannan sai na tambaya: to yaya taki, da babu wuta cikinsa, zai fitar da iskar garwashi? Ashe masana sun daɗe da auna abin. Tun shekarun 1990 masu bincike a Jamus suka auna ta tana fita daga tsibin ciyawa da kashin dabbobi, suka ga ta fi yawa a kwanakin farko. A ƴan shekarun nan wasu masana na jami'ar birnin Wroclaw a ƙasar Polan sun yi ta awo a manyan wuraren da ake mayar da shara taki. Sun ga zafi yana ƙara ta, sun ga tana tasowa da yawa lokacin da aka juya tsibi, sun kuma yi gargaɗi cewa a rufaffen wuri tana iya taruwa har ta wuce abin da aka yarda ma'aikaci ya shaƙa. Ku duba abin da muka yi: tsibi mai zafi, ɗaki a kulle kwana da kwanaki, ga shi an zo juyawa an kuma tura ƙofa. Duk mun haɗa su.

Malamin gona ya ƙara da cewa ba ita kaɗai ta taru a ɗakin ba. Halittun cikin takin sun yi ta cinye iska mai kyau suna cika ɗakin da numfashinsu. Wannan numfashi ya fi iska nauyi, yana kwanciya ƙasa, shi ya sa rami mai zurfi ke da haɗari, kamar yadda masu yasar rijiya suka sani. Amma ya ja kunnena da abu guda: fitila ko kyandir suna ci lafiya lau a ɗakin da iskar garwashi ta isa kashe mutum. Kada wata ta ce ai wuta ba ta mutu ba, lafiya ke nan. Haka ɗaure hanci da ɗankwali, ko takunkumin nan da muka sa lokacin korona, suna tare ƙura, ba su tare ta.

Yanzu ga maganar da na fi so ku riƙe. Takin da ke fili, ƙarƙashin icce, inda iska ke kaɗawa, ba abin tsoro ba ne. Abin da yake fitarwa kaɗan ne, iska na kwashe shi nan take. Iyayenmu sun yi shekaru suna tara juji a bayan gida suna kai shi gona, ba wadda ta faɗi. Laifin na ɗakin ne da na kwaɗon. Kuma wadda ta ce gara ta cinna ma kara da shara wuta ta huta, ta sani cewa juji mai cin wuta a ɓoye yana hayaƙi ya fi tsibin taki fitar da iskar garwashi nesa ba kusa ba, balle in akwai leda ciki. Ta shaƙi guba, ta kuma ƙone abincin gonarta.

Ga dokokin da muka rubuta a littafin ƙungiya, kusa da dokar tarar makara:

1. Ba a haɗa taki cikin ɗaki, ko shago, ko rumbu. A yi shi a fili ƙarƙashin inuwa, nesa da ɗakin kwana da rijiya. In ana son rumfa, a bar gefunanta a buɗe.

2. Maganin kaji da awaki shi ne shingen ƙaya ko darni. Maganin bushewa shi ne a lulluɓe tsibin da kara ko tsohuwar tabarma.

3. Rami kada ya wuce ƙugu, wato kada ya haura mita guda. Ramin da sai an sauka kai ya ɓace, ba namu ba ne.

4. A jera busasshe da ɗanye, a sa kara a ƙasa don iska ta samu hanya. Ruwa daidai: ki damƙi takin ki matse, ya dunƙule amma kada ya tsiyaya. In ya yi caɓi yana ɗoyi, iska ta ƙare cikinsa, sai a juya a ƙara busasshe.

5. Juyawa bayan kowane kwana 15. A yaye murfin, a ja baya a bar shi ya sha iska, sannan a juya, iska na bugun bayanki, ba fuskarki ba.

6. Ba mai juyawa ita kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai ciki da mai goyo a baya an ɗauke musu wannan aiki, su riƙe littafi ko su lura da ruwa. Yara ba su wasa kan tsibi don ɗuminsa.

7. Takin da bai huce ba, ba a ɗura shi a buhu a jibge ɗaki. Wanda ya nuna, bayan wata biyu zuwa uku, ya yi baƙi, ya yi sanyi, yana ƙanshin ƙasar da ruwan farko ya jiƙa. Shi ma a ajiye shi a inuwa a waje.

To ƴan'uwa, ba zan iya rufe wannan magana a kan taki kaɗai ba, don majo ya ce mini: "Hajiya, takinku ɗan'uwan abin ne ƙarami. Babban yana ƙarƙashin gadonku." Kaskon garwashi yake nufi.

Ga sanyi ya shigo. Daga Disamba zuwa Janairu, wace ce cikinmu ba ta shigar da wuta ɗaki? Mukan jira hayaƙi ya ƙare, garwashi ya yi ja, mu ce yanzu ya yi lafiya, mu shiga da shi, mu toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Alhali jan garwashi marar hayaƙi yana ta fitar da wannan iska har ya zama toka, kuma da iskar ɗakin ke raguwa, fitarta ke ƙaruwa. Mai barci ba ya jin ciwon kai balle ya tashi, daga barci yake wucewa. Ku tuna ɗakin mai jego: an gama wankan ruwan zafi, an kawo kasko don ta gasa jiki, an rufe ko'ina kada iska ta taɓa jinjiri. Da na haifi ɗana na fari haka aka yi mini, kullum safiya ina tashi da nauyin kai, ana ce mini jego ne. Sai yau, bayan shekara ashirin da wani abu, na gane abin da nake shaƙa, ni da shi. Allah ne ya tsare.

Haka mai shayi da ke shigar da ɗan murhunsa ɗaki ya ja ƙofa. Haka injin wuta, gurup, da ake tayarwa cikin zaure ko shago don tsoron ɓarayi. Haka babur da ake bari yana aiki cikin gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida, ta girki da ɗumama ɗaki da icce da gawayi da makamantansu, ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya. Mu mata da ƴaƴanmu muka fi kowa zama kusa da murhu.

Ban ce ku kwana cikin ɗari ba. A ɗumama ɗaki ƙofa a buɗe, sannan a fitar da kasko waje kafin a kwanta. Kada a toshe taga gaba ɗaya. A ƙara bargo, a sa ma yara hula da safa. Gurup a fili, nesa da taga. In ƙungiya za ta yi gudummawar haihuwa a wannan lokaci, ni a ganina bargo ya fi buhun gawayi.

Yaya za ki bambanta ta da masassara? Jiki ba ya zafi. Sau da yawa mutum biyu ko uku da suka kwana ɗaki ɗaya ne ke tashi da ciwon kai tare. In an fita waje abin ya lafa, in an koma ya dawo. In kin ga haka, ruwa ba ya tsami banza, ki duba wutar ɗakin.

In kuma kin tarar da wani ya zube, ki yi ihu a zo, ki buɗe ƙofa da taga, ki riƙe numfashi ki jawo shi waje, kada ki tsaya ciki kina jijjiga shi. In rami ne mai zurfi, kada ki faɗa a kansa ke kaɗai, sai ku zama biyu. A kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura ma wanda ya suma nono ko mai ko rubutu, ba su wanke jini, sai dai su bi ta huhu. Kada a yi mishi turare, hayaƙi kan hayaƙi ne. A yi addu'a ana tafiya likita, a kuma gaya ma majo gaskiya: ga inda aka same shi, ga abin da ke ɗakin, don ya san oksijan ake bukata, in babu a nan ya tura ku babbar likita ta Tasawa ko Mayahi. Ko ya farfaɗo a hanya, a ƙarasa, domin wasu bayan kwanaki ko makonni mantuwa da ruɗewa ke biyo baya. Mai ciki kuwa, ko ciwon kai kawai ta ji, a kai ta.

Da na gama wannan bayani a kan tabarma, Inna ta yi shiru. Can ta ce: "Ashe shi ya sa." Ba ta ƙara ba, mu ma ba mu tambaye ta ba, amma mun ga ta share ido da bakin mayafi. Ita ce ta fara ɗaga hannu a ci gaba da aikin. Muka bar ɗakin a buɗe kwana biyu, maza suka fasa tagar, muka kwashe takin kaɗan-kaɗan ƙofa a wangale, muna karɓa-karɓa, zuwa gindin wani gawo a bakin gona. Ma'ajiyarmu ta warke, ita ke riƙe da lissafin ranakun juyawa yanzu. Mijin da ya hana matarsa, shi ya saro muna ƙayar shinge.

Tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a nan jihar Maradi, abin da ya riƙe mu shi ne ba mu ɓoye ma juna abin da ya ɓaci, ko na akwati ne ko na gona. Shi ya sa na tona kuskurena a gabanku. A zubinku na wannan mako, bayan an ƙirga kuɗi an rufe akwati, shugaba ta tambaya: wa ke kwana da garwashi a ɗaki? Wa ke da mai jego a gida? Ina takin ƙungiya yake ajiye? In kunne ya ji, jiki ya tsira. Ƙungiyar da ke da wata dubarar tsare taki daga kaji da bushewa ba tare da an kulle shi ba, ta aiko muna ta hannun mai kawo takarda, zan sa ta a fitowa ta gaba, inda za mu yi maganar yadda ake zuba takin a rami-rami don kaɗan ya isa gona.

Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya sa albarka a asusunmu, ya kai mu damina lafiya. Ku huta lafiya.